Rediyon Baba da Masu Neman Makuri

Ni na jawo mana, ba kowa ba. Gara in faɗi haka tun farko, kafin in shiga ɗora wa mutanen unguwa laifi, don zan ɗora musu, kuma sun cancanta.

Gidanmu yana cikin tsohuwar Sharaɗa, irin gidajen nan na ginin ƙasa da kamfanoni suka zo suka tarar, suka kewaye su da katanga. Bayan ɗakin Inna katangar wani kamfanin robobi ce, doguwa, da waya mai ƙaya a samanta, injinsu kuma ba ya hutawa. Mu biyu ne a gidan tun da aurena ya mutu na dawo: ni da Inna, mahaifiyata, wadda idonta ya yi rauni har sai ka yi magana take gane ka. Yayana direban babbar mota ne a kudu, sai mu yi wata uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Ni kuma ina aiki a wani kamfanin biskit, ɓangaren zubawa a kwali. Ƙarfe shida na safe nake shiga, in fito ƙarfe biyu. A bakin get ake karɓe wayoyinmu a zuba a akwati, a ba mutum lamba, sai an tashi ya miƙa lamba a ba shi wayarsa. Shekara bakwai ina yin haka ban taɓa jin komai a raina ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, a masaƙa ya yi aiki a Bompai har ta rufe. Mutum ne da ba ya yar da abu. Ya bar mana adakar ƙarfe cike da tarkacen da shi kaɗai ya san darajarsu: fayafayan garmaho, ko da yake garmahon ya riga shi mutuwa, kaset-kaset na mawaƙa da ya rubuta sunayensu da biro, tikitin silima, kalandar 'yan ƙwallo, kwalayen ashana, da wani tire na kwano da aka zana wa taswirar ƙasa da tuta. Akwai kuma ƙyallayen atamfa, don duk lokacin da masaƙarsu ta buga zanen wani biki, sai ya roƙi ɗan guntun da ya rage a ƙarshen bandir ya adana.

Amma sarkin kayan shi ne rediyo. Shekarar da ƙasa ta cika goma da samun 'yancin kai masaƙarsu ta yi biki, aka yi ƙuri'a tsakanin ma'aikata a kan rediyo ɗaya tak, ta faɗo kan Baba. Na katako ne, girmansa ya kai kujerar tsugunno, an manna masa ɗan ƙarfe mai tuta a goshi. Inna na amarya a lokacin. Ta ce ɗaure shi ya yi a bayan keke, ya ƙi hawa don kada su faɗi tare, ya turo keken da ƙafa tun daga Bompai har Sharaɗa. Duk ɗaya ga Oktoba sai ya buɗe adaka, mu baza komai a tsakar gida, mu goge, ya ba mu labarin da muka riga muka haddace. Bayan ya rasu ni da Inna muka ci gaba. Sauran kayan sau ɗaya a shekara suke ganin rana, rediyo kuwa da shi Inna take yini. In na tafi aiki shi ne abokin hirarta, har musu take yi da masu gabatar da shiri, tana ce musu ba haka aka yi ba.

Shekarar da ƙasa ta cika sittin, ko'ina ka duba a waya tsofaffin hotuna ne. Wannan ya sa kakansa da kayan soja, wancan ya sa tsohuwar takardar kuɗi. Akwai wani guruf a waya da nake ciki na masu son kayan da. Na ga wani ya sa tsohuwar kwalbar lemo guda ɗaya ana ta zuba masa yabo, na ce a raina, waɗannan ai ba su ga komai ba. Sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, don haske ya fi kyau a can, na jera komai, na ɗora rediyo a tsakiya, na kunna shi, na ɗauki bidiyo. Na rubuta cewa na mahaifina ne, shekara hamsin yana magana. Na rubuta sunan unguwarmu, don ina so a san 'yan Sharaɗa ma muna da tarihi, ba hayaƙi kaɗai ba. A bayan bidiyon ana hango shuɗin tankin ruwan kamfanin robobi, wanda duk direban adaidaita a yankin nan ya san inda yake.

Ranar na sha yabo har na ƙoshi. Ina karanta wa Inna tana cewa, "To su wa ke nan? Sun san Malam ne?"

Kwana uku bayan haka, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Wani mutum ne da farin yadi, bai wuce shekara arba'in ba, sai ƙamshin turare yake, muryarsa a ƙasa-ƙasa. Ya kira ni Hajiya. Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma sunan ya yi mini daɗi. Ya ce shi ma mai tara kayan da ne, ya ga bidiyona, yana so ya gani da idonsa. Da rawar jiki na kwaso masa kaya zuwa zaure. Bai kalli fayafayan ba, bai kalli tire ba, atamfar da nake ta yi masa bayaninta ma ko taɓawa bai yi ba. Ya durƙusa gaban rediyo, ya ciro wayarsa ya ɗora a kai, ya ƙura mata ido. Sai ya ɗauka ya fita titi, ya duba, ya dawo ya sake ɗorawa. Sau uku yana yin haka.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hajiya, duba ki gani. A waje sabis cike yake. Da na ɗora a kansa sai ya ɗauke gaba ɗaya."

Na fashe da dariya. Na ce, "Malam, ai zauren nan ko babu rediyo ba a samun sabis. Ginin ƙasa ne, ga katangar kamfani. Mu ma sai mun je bakin famfo muke kira."

Ya yi murmushin wanda ake yi wa ƙarya yana sane. Ya ɗauki abin da yake yi a bidiyo, sannan ya ce zai saya, ya ambaci kuɗin da sai da na dafa bango. Kafin in buɗe baki muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa, ashe tana nan tana saurare.

"Ba na sayarwa ba ne. A gaida gida."

Bai yi musu ba. Ya yi godiya, ya fita. Amma da ya fita bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya kalli ƙofarmu, ya kalli katangar gidan daga ƙasa zuwa sama, ya leƙa lungun da ke gefe, kamar magini da aka kira ya auna aiki. Wannan kallon ne ya fara faɗar mini da gaba, ko da yake a lokacin ban san dalili ba.

Dalilin a wurin aiki na ji shi, bayan kwana biyu. Akwai wata 'yar Jigawa da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layi. Ta matso bakinta kusa da kunnena saboda ƙarar inji, ta ce, "Ke, ashe ke ce mai rediyon makuri?"

Na ce, "Mai me?"

Hannunta na zuba biskit, bakinta na zuba mini labari. Wai akwai wani jan ruwa mai nauyi da Turawa suka ɓoye tun zamanin da a cikin tsofaffin kaya: dutsen guga mai zakara a kai, keken ɗinki, agogon bango, rediyo. Shi ne makuri. Wai ɗigo ɗaya ya isa ya sayi gida. Na ce me ake yi da shi? Ta ce wasu sun ce kuɗi ake bugawa, wasu sun ce aljanu ake ba su sha su kawo dukiya. Ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya gan shi ba, amma kowa ya san alamarsa: yana janye sabis ɗin waya. Ta ce bidiyon mutumin yana ta yawo, ya sa murya yana cewa an samu na gaske a Sharaɗa, har ƙofar gidanmu ya nuna.

Biskit na wucewa ta gabana ina kasa kamawa, sai da sufabaiza ya daka mini tsawa.

Daga nan gidanmu ya zama kasuwa. Matan da rabonsu da gaida Inna tun zaman makokin Baba sai ga su suna shigowa bi da bi, wai sun zo duba jikinta. Kowace sai ta zaɓi zama kusa da rediyo, hannunta ɗaya a cikin hijabi, kana ganin hasken waya ta cikin yadin. Wata har da tafarnuwa ta zo, wai in aka ajiye kusa da makuri tana matsawa da kanta. Na kama ta tana tura ƙwayar tafarnuwa da ɗan yatsa, na ce in miya ta zo yi ta shiga madafa. Na yi musu bayanin ginin ƙasa da katanga har muryata ta dushe. Na ɗauki rediyon na kai bakin famfo, na ɗora waya a kai, sabis ya cika fal, na ce to ku gani. Suka ce ai a fili ƙarfinsa watsewa yake yi. Ranar na kore su duka, ban bar ko wadda ta girme ni ba.

Matan ba su ba ni tsoro ba, haushi suka ba ni. Waɗanda suka ba ni tsoro su ne baƙin fuskokin da suka fara zama a bencin mai shayin da ke kallon gidanmu, su sayi kofi ɗaya su yi awa biyu. Da wani babur da ke wucewa a hankali, mutum biyu a kai, ya je ƙarshen layi ya juyo. Da lambobin da ban sani ba da suke kirana, in na ɗauka a yi shiru, ko a ce, "Hajiya, ki yi tunani, abin nan ya fi ƙarfin mace." Na goge bidiyona, amma nasa ba ni da iko da shi.

Abin da ya fi komai tsaya mini a rai shi ne bakin get. Kowace safiya in miƙa wayata a jefa a akwati, in shiga inda ko bom aka tayar a waje ba za ka ji ba, in yi awa takwas, alhali na bar tsohuwa mai raunin ido ita kaɗai da abin da gari ke nema. Na roƙi mai gadi ya bar ni in shiga da ita, ya ce doka ce, shi ma aikinsa yake karewa. Ban ga laifinsa ba. Ina tsaye a layi sai in riƙa ganin ƙofarmu a buɗe, in ga takalman maza a zaure. Har murƙushe biskit nake yi ban sani ba. Na nemi maƙwabciyarmu ta ajiye mana rediyon a ɗakinta, ta kama hannuna ta ce, "Ki rufa mini asiri, ina da yara." Ta dai yi alkawarin za ta riƙa leƙa Inna. Inna kuma da na ce a ɓoye shi a wani wuri, ta ce, "In yini da wa?"

Wata Laraba na fito ƙarfe biyu, na miƙa lamba, aka ba ni waya. Mis kol sun fi goma, duk na maƙwabciyarmu. Na kira ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki zo gida. Tana da rai, ki zo."

Ban san akwai maganar da ta fi "ta rasu" tayar da hankali ba sai ranar. Na faɗa adaidaita, muka yi gaba kaɗan sai ga tirela ta gitta titi tana ƙoƙarin shiga sito da baya, yaran mota na ta buga mata jiki. Na sauka na kama gudu, hular aiki a kaina, takalmi ɗaya a hannu. Mutane na kallona, ban damu ba. Ina gudu ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na cin abinci ne.

Na tarar da tsakar gida kaca-kaca. An kifar da adaka, an tattake fayafayan garmaho sun zama gutsattsari, tire ya lotsa, an ɗaga katifu, an zazzage buhun masara. Inna kuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, hijabi ya rufe ta har ƙasa, carbi a hannunta. Maƙwabciyarmu ta ce tun ɗazu take fama ta tashi ta ƙi. Sai da ta ji muryata ta ce, "Ke ce?" Na ce ni ce. Ta ce, "To ɗaga ni, ƙafafuna sun mutu." Da muka ɗaga ta sai ga rediyo a ƙarƙashinta.

Ita ta ba ni labari, a hankali, kamar ba da ita abin ya faru ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya ne, lokacin da layinmu yake zama wayam: maza na aiki, yara na makaranta, maƙwabciya ta tafi niƙa, injin kamfani kuma ko ihu ka yi shi zai haɗiye. Ta ji takun da ba ta sani ba a zaure, babu sallama. Ta kashe rediyo, ta kwantar da shi, ta hau ta zauna, ta baza hijabi. Mutum biyu ne. Suka ce masu feshin maganin sauro ne, kyauta ake yi. Ba ta ji warin magani ba, sai ƙarar kaya ana watsarwa. Da suka gama ɗakuna ɗaya ya zo ya tsaya a kanta.

"Mama, ina rediyon?"

Ta ce, "'Yata ta tafi da shi wurin aiki."

"Tashi mu fesa nan wajen."

Ta ce, "Ƙafafuna ba sa tashi sai an ɗaga ni, kuma ba namijin da zai ɗaga ni."

Sai ya kama damtsenta ya fara ja. A daidai lokacin ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa ya tsayar da kurarsa a ƙofa, ya buga jarka, ya rangaɗa sallama kamar yadda ya saba. Suka sake ta, suka fita ta gabansa har suna amsa masa sallamar. Na ɗaga hannun rigarta na ga sawun yatsu huɗu sun kwanta baƙi a fatarta. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya, ita ce ma take ba ni haƙuri. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Don a ce mini "masha Allah" a waya na kai uwata ga wannan.

Mai unguwa ya tsaya mana, aka kai rahoto, aka zo aka duba aka rubuta, aka gaya wa 'yan sintiri. Amma sintiri da dare ake yi, su kuwa waɗannan da rana tsaka suke zuwa. Na yanke shawarar rabuwa da rediyon ko ta wace hanya. Na tafi wurin wani tsohon abokin Baba, mai gyaran rediyo, wanda muke kira Baffa. Yanzu tocila da caja yake gyarawa, don ba mai kawo rediyo. Na ce masa ko dai in sayar wa mai farin yadi, ko in ba wani kyauta, ko in jefa a rijiya.

Ya cire tabarau ya ce, "'Yata, in kin sayar, gobe za a ce kuɗin na ƙarƙashin gadon uwarki. In kin bayar kyauta ba wanda zai yarda. In kin jefa a rijiya za su zo su tambaye ki wace rijiya. Sau biyu na buɗe rediyon nan da hannuna, ba abin da ke ciki sai waya. Hanya ɗaya ce, a buɗe shi a gaban kowa su gani da idonsu."

Na ce, "Baffa, za ku iya mayar da shi bayan an buɗe?"

Ya ce, "In sun bar ni na tsaya a buɗewa."

Na gaya wa Inna. Ta ce a bari sai Juma'a, ta ji karatun safe tukuna. Ranar Juma'ar ta goge shi da gefen zanenta, ta cire batiran ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Ɗauki." Ba ta fito ba.

Bayan la'asar muka ajiye benci a ƙofar gida. Mai unguwa ya sa an sanar a masallaci. Mutanen da suka taru sun fi waɗanda suka zo jana'izar Baba, kowa ya ɗaga waya sama. Na hango fuskokin bencin mai shayi a cikinsu. Baffa ya yi bisimilla, ya kwance bayan rediyon da sukundireba, ya juya shi ga jama'a. Ƙura ce da yanar gizo-gizo da wayoyi masu launi. Ya riƙa nuna kowane abu yana faɗin aikinsa, kamar malami a aji.

Wani ya ce, "A cikin 'yan gwangwanayen nan yake."

Baffa ya kalle ni. Na gyaɗa kai. Ya sa filaya ya ciro ɗaya, ya yanka. Naɗaɗɗiyar takarda ce da ɗan baƙin maiƙo. Aka ce saura. Ya yanka na biyu, na uku, har suka ƙare. Aka ce bayan sifika fa? Ya ɓalle sifikar, ya yaga ta. Na ga yana goge ido da kafaɗa. Sai wani ya ɗaga murya ya ce ai a cikin katakon ake rarakewa a zuba, a fasa katakon.

Baffa ya ajiye filaya ya ce, "Ni ba kafinta ba ne. Nan na tsaya."

Aka fara gunaguni. Na san in aka tashi a haka an yi aikin banza. Na ɗauki gudumar da ke cikin jakarsa. Katakon mai kyau ne, bugu uku bai ko tsage ba. Na ci gaba da dukansa ina kuka ina cewa, "Ku gani! Ku kalla ku ƙoshi!" Na fasa gefe, na fasa sama, na raba kowane ɓangare biyu, ɗan ƙarfen tutar ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ba ja, ba fari, ba ko ɗigon komai. Jama'a suka saki numfashi irin na 'yan kallon ƙwallo in an zubar da fanareti. Mai unguwa ya ce, "To, kowa ya gani, kowa ya shaida. A bar bayin Allah su huta."

A karon farko cikin mako uku na ji ƙirjina ya saki. Na durƙusa ina tattara gutsattsarin cikin mayafina, mutane na watsewa. Sai na ji wata murya daga baya, ba da ƙarfi ba, murya da na sani, ta mutumin da ya sha cin tuwo a zauren Baba.

"Wannan ai wasan kwaikwayo ne. Wa zai fasa abu da dukiya a ciki? Ta riga ta cire."

Wani ya ce, "Ƙwarai kuwa." Na ɗaga kai na ga kawuna suna gyaɗawa. Masu tafiya suka tsaya, suka waiwayo, suka kalle ni, suka kalli gidan. A da rediyo suke nema, abin da za a iya zama a kai a rufe da hijabi. Yanzu kuwa abin da suke nema zai iya shiga kwalbar turare, kuma ba ni da abin da zan sake fasawa in nuna musu babu shi.

Na shiga gida na tarar da Inna zaune a bayan ƙofar zaure. Na fara cewa, "Inna, sun gani, an gama," ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Idona ne ya mutu, kunnena lafiya lau." Ta miƙo hannu ta shafa gutsattsarin da ke cikin mayafina, ta zaɓi maɓallin da ake murɗawa a nemi tasha, ta riƙe. Ba ta ci tuwo ba ranar.

Sai da muka yi wata biyar a cikin wannan hali kafin yayana ya bar aikin kudu ya dawo da iyalinsa gidan, maganar kuma ta bi wani mai tsohon agogo a wata unguwa. Amma safiyar farko bayan fasa rediyon ce ba ta barina. Na yi sallar asuba, na sa kayan aiki, ina tsaye a zaure na kasa fita. Sai ga Inna ta lallaɓo da sandarta, ta laluba hannuna, ta sa mini wani abu mai sanyi. Kwaɗo ne da makullinsa.

Ta ce, "Ki rufe ni ta waje. In sun ga kwaɗo za su ce ba kowa."

Na ce, "Inna, in wuta ta tashi fa? In kin faɗi fa, wa zai shigo?"

Ta ce, "Wuta ba ta san gidan nan ba. Su sun sani. Wuce, za ki makara."

Na fita, na jawo ƙofa, na saƙala kwaɗo, hannuna ya ƙi dannawa. Ina jin numfashinta ta jikin katakon, tana tsaye tana jira. Na rufe ido na danna.

Ta ce daga ciki, "Ja ki ji ko ya kama."

Na ja. Ya kama.